Tikiti Kafin Ganin Wata

Azumi goma sha bakwai, bayan asham,
keken ɗinkina ya yi shiru a Tudun Wada.
Tanimu ya miƙo mini waya:
"Baba, duba. Yau kujera da sauƙi.
Jibi kuwa, sai yadda hali ya yi."

Na lalubo tabarau a ƙarƙashin ƙyallaye.
Lambobi ƙanana, jere kamar cinnaku,
kowace da nata cizon.

Ni da na auna kafaɗar rabin unguwa
da tef ɗaya, ban taɓa kuskuren inci ba,
yau an ba ni rana in auna,
ranar da ba ta zo ba tukuna.

Na ɗauki alli, na juya bayan wani yadi.
Mota daga Kwangila zuwa Kaduna,
ɗan sahu har Rigasa,
sannan shi gogan, mai naɗe daji kamar tabarma,
ya sauke mu Kubwa kafin shayi ya huce a fulas.
Ni da Yahanasu, kujera biyu.
Zuwa da dawowa, huɗu ke nan.
Allin ya karye a wurin jimla.

Tanimu ya ce tikitin iri biyu ne.
Mai araha ba ya jin rarrashi:
in ka makara, kuɗinka sun yi gaba ba kai.
Mai tsada yana da kunne,
ka ce masa gobe, ya ce to.
Tsakaninsu kuɗin ɗinkin kaftani uku,
har da aikin wuya.

Daga ɗaki Yahanasu ta ce,
"Araha ba ta ado, Sallau."
Na ce, "Ba ado zan je yi ba,
jika zan gani."
Wata huɗu da haihuwar yaron,
ban san nauyinsa a hannuna ba,
sai dai kukansa ta waya,
yana yankewa in sabis ya gudu.

To amma wace rana?
Wata ba ya sayen tikiti.
In ya ga dama ya leƙo ranar ashirin da tara,
in ya ga dama ya ƙara kwana a bayan gajimare.
Ga riguna ashirin da ɗaya a rataye,
kowace da mai ita, kowane da bakinsa.
Alhaji Barau ya kawo shadda jiya
ya ce ba gaggawa,
ma'ana zai turo yaro sau uku kullum.

Ubana ya hau na da, mai gawayi,
daga tashar Sabon Gari.
Ba ya tambayar rana, sai ya je ya zauna,
jirgi ya zo in ya zo.
Yanzu jirgin ne ba ya jiran kowa,
mu ake so mu san gobe tun yau.

Na ce, "Tanimu, danna mai arahar.
Washegarin talatin, na safe."
Ya danna. Waya ta yi ƙara,
asusuna ya rame nan take.

Daren ashirin da tara ina kan keke
na ji yara sun ɓarke da ihu a lungu.
An ga wata.
Yahanasu ta yi dariya har da riƙe ciki:
tikitinmu ya koma na kwana ɗaya bayan Salla.

Haka muka ci tuwon Salla a gida,
na kwana ina zare zaren lilo.
Ranar tafiya, kujera ta kusa da taga,
jakata a cinya, allura a bakin hula,
ina dasa maɓalli a 'yar riga
da na yanka daga ragowar shaddar Barau.
Ban auna yaron ba.
Na ƙara inci biyu, don ya same ta a gaba.