Kwabo Mai Huji

Ba ta kakana ba ce.
Tasa tsatsa ta cinye tun ban yi wayo ba.
Wannan kwaikwayo ce, gajeriya, mai cin albarushi ta baki,
kuɗin riɗin bara na zuba na saye ta.

Ran Juma'a, in an sauko daga la'asar,
nakan fita bayan Gadarif
inda baƙar ƙasa ta tsattsage kamar faso,
in kafa gwangwanin madara a taku saba'in.
In ɗura, in danna da sanda, in riƙe numfashi.
Farin hayaƙi, warin ruɓaɓɓen ƙwai,
gwangwani na nan tsaye bai san an yi ba.
Kullum ƙasa take zubarwa, ƙasa da hagu,
kamu guda cur.

Na kai ta rumfar Sammani maƙeri.
Ya leƙa bakinta, ya leƙa idona.
Ya ce, "Baba Tukur, rabin laifin ne nata.
Idon da ya sha damina sittin da bakwai
ba ya riƙe abu uku a kallo ɗaya:
tsagar baya, tsinin gaba, ga gwangwani can.
Huji za mu yi maka.
Ido in ya leƙa ta huji, da kansa yake neman tsakiya."

Ya tona tarkacensa, tagulla ta ƙi samuwa.
Ni kuwa hannuna ya riga ni shiga aljihu.
Kwabon nan kakana ya ɗauro a ƙugu daga Katagum
ranar da ya nufi Makka da ƙafa.
Shekara tara yana tafe.
A nan guzuri ya ƙare,
ya sari gona, ya haƙa rijiya,
daga baya aka haƙa masa.

Sammani ya juya shi sau biyu bai ce komai ba.
Ya cike hujin da gaci,
ya sake huda shi, ƙwayar riɗi ta fi shi faɗi.
Magagari na kuka, jabana na hucewa.
"Riƙe wannan," in ji shi,
"na baya ake turawa inda kake so dalma ta je.
Na gaba ɗan gardama ne, ka ce dama ya yi hagu."
Ya ɗaga kwabon kaurin farce biyu,
ya ƙwanƙwasa shi dama, ƙas, ƙas,
ya ƙi karɓar ko sisi.

Juma'ar da ta zagayo jikata Sittana ta biyo ni.
Na kwantar da kunci, na leƙa.
Duniya ta tattaru ta zama ɗigo,
tsinin gaba ya fito tas, har tsatsar gwangwani ina gani.
Sai a lokacin na lura
gabas nake kafa shi tun farko.

Na fari ya wuce ta sama.
Na biyu ya tada ƙura a gefe.
Na uku, gwangwani ya yi tsalle ya kife.
Yarinya ta rangaɗa ihu da Larabci,
Hausar bakinta ba ta kai ta ihu ba.

Da dare ina ɗura wa bindiga ruwan zafi,
baƙin ruwa na bin tsakar gida.
Ta shafa kwabon, ta tambayi kuɗin wace ƙasa ne.
Na ce zauna, miƙo min tsumman can.
Ce "Katagum" tukuna.