Sunana a Wayar Sufeto

A wayar Sufeto Lurwanu sunana "Mai Gas".
Ban taɓa sayar da gas ba.
Gyaran waya nake a Fam Santa,
rumfa ta huɗu bayan masallaci,
inda hayaƙin janareta ke faɗa mana cikin shayi.

Shekara uku ke nan
da na sayi wata waya a hannun yaro, araha kamar kyauta.
Ashe mai ita na kwance a asibitin Murtala
da ɗinki tara a wuya.
Kwana biyu na yi a bayan kanta.
Ran na uku Sufeto ya miƙo min ruwan leda mai sanyi,
ya ce, "Tasi'u, takardarka na aljihun teburina.
Ba ta da ƙafa, sai in kai ka yi mata."

Tun ranar nake da kunne uku.

Ba ma haɗuwa a ofis.
Ƙarƙashin gadar Ƙofar Nassarawa, bayan isha'i,
shi kamar mai jiran adaidaita,
ni kamar wanda silifas ya tsinke wa.
In ba shi suna, ya ba ni dubu biyar
a naɗe cikin takardar tsire.
Ba ya ɗaukar maganata sai ya ji ta a wani bakin.
Ashe ba ni kaɗai ba ne a layinmu.
Yanzu duk wanda na gaisar, kunnensa nake kallo.

Ran Laraba aka ɗauke Nafi'u,
ɗan Indo mai awara,
wanda ni na koya wa riƙe sukundireba.
Ba na cewa bai yi ba.
Na ga busasshen jini a ramin cajin wayar da ya kawo.
Da yamma aka zagayo da kwano, karo-karon lauya.
Na zaro dubu biyar ɗin, tana ƙanshin yaji,
na jefa.
Uwarsa ta ce, "Allah Ya rufa maka asiri."
Na ce amin.
Ban taɓa faɗin amin da ƙarfi haka ba.

Jiya na ji an mayar da Sufeto Rano.
Na yi barci har rana ta taka katanga.
Da azahar baƙuwar lamba ta shigo:
"Mai Gas? An bar min kai a takardar miƙa aiki,
tsakanin makullin babur
da fankar da ba ta juyawa."