Ramin Bakin Gidan Burodi

Ranar Juma'a, shida saura kwata,
muka taru a yadi, ruwa na ɗiga daga kwano,
kowa da shayinsa a kofin takarda.
Wani yaro mai sabon takalmi ya zo daga babban ofis,
ya ce kamfani zai yi gyaran fuska.
Mu da muka tsufa a gyaran hanya
ba mu san mu ne za a kankare ba.

Mutum arba'in da ɗaya.
Nasreen ce ta buga sunayen,
tana bugawa tana haɗiye yawu,
sai da ta kai layin ƙarshe
ta iske nata.
Ta gyara harafin da suka ɓata a ciki,
sannan ta rataya jakarta.

Ni ne Clive Holdsworth.
Shekara ashirin da shida ina bin titunan Bradford
a lokacin da gari ke minshari,
da shebur, da riga mai ƙyalli,
da warin kwalta da sabulu ya gaji da shi.
Matata ta ce ko a makaho ta zama
za ta gane ni a cikin taro.

Na san ramukan garin nan kamar haƙorana,
na san mai ciwo, na san mai girgiɗi.
Akwai ɗaya a kan gangare, bakin gidan burodi,
sau huɗu ina cike shi,
sau huɗu yana buɗe baki.
Har na fara gaishe shi.

Sun ce kuɗin kwangila ba ya kaiwa.
To, ni dai ban yi boko mai zurfi ba,
amma wanda ya ci ladan kuturu
ai shi ne da aski.
Sun ci, sun suɗe, sun ajiye askar,
mu aka aske.

Wiesław ya miƙa makullin motar gishiri,
motar da yake fita da ita ƙarfe uku na dare
kafin ƙanƙara ta kama gada.
Ya shafa ƙeyarta kamar mai sallamar aboki.
Bai ce uffan ba.
Yanzu yana jera gwangwani a kanti,
bayansa ya huta, idonsa bai huta ba,
kullum yana kallon sama yana auna sanyi.

Ni kuwa bas nake shiga, in zauna can baya
inda ƙashi ke jin gaskiyar hanya.
Gwaraf! Wannan sabo ne.
Gwaram! Wannan na Wiesław ne, ya sake.
Yarinyar da ke gefena ta riƙe wayarta da kyau,
ta yi tsaki, ta zagi masu gyara.
Na ce mata, haka ne, 'yata.

Ga hunturu nan tafe.
Hanya ba ta karanta takardar sallama.
Sai kwalta ta tsage ruwa ke samun wurin shiga,
ya kwana ciki, ya daskare, ya kumbura,
gari ya waye da sabon baki.
Ba ruwansa da taron masu hannun jari.

Jiya na bi ta gangaren.
Ramin ya yi faɗin tire, ya tara ruwa,
wani ya zagaye shi da farin fenti,
wani ya tsaya yana ɗaukar hoto.
Mai burodi ta leƙo ta ce,
Clive, yaushe za ku zo?

Na duba hannuwana.
Akwai ragowar buhu ɗaya a rumfata ta baya,
ban faɗa mata ba.
Na sayi burodi na jiya, mai rangwame,
na tsallake ramin a hankali
kamar mai wuce ɗan'uwa yana barci.