Ƙwaron Cikin Wake

Shekara ashirin ina auna wake a Babbar Kasuwar Maraɗi,
na san buhun da ke ƙarya.
Daga waje sumul, ɗinki bai motsa ba,
ka zura hannu, sai gari.
Ƙwaron ba a shago ya shiga ba,
tun a gona aka saka ƙwansa, wake na ɗanye.

Wannan na tuna a gadon awo,
zane a tattare, idona a rufi ina ƙirga tsaga,
Madam Salamu tana magana kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Ta ce: ƙwayar cuta ce, ido bai kama ta.
A shimfiɗa ake karɓarta, fata da fata,
har shimfiɗar sunna.
Namiji na ɗauke da ita, shi ma bai sani ba.
Cikin mata goma, tara jikinsu zai share ta
kafin damina biyu,
ba su ma san sun yi baƙuwa ba.

Ta goman ce abin ji.
A nan baƙuwar ke kwance kaya a bakin mahaifa,
ta shiga ɗakin ƙwayar nama ta sauya mata karatu:
ke, kada ki tsufa, kada ki mutu, yi ta haihuwa.
Sannu-sannu. Ba zafi, ba zazzaɓi.
Shekara goma, sha biyar,
mace na daka, tana goyo, tana zubin adashi,
tabo na faɗi a inda madubi bai kai.

Na ce, Madam, tsaya.
Wannan ai Hurera kike faɗi.

Yayata Hurera, mai zogalen Jirataua,
wadda dariyarta ke riga ta isowa ƙofar gida.
Shekara huɗu da ɗaukewar al'ada, jini ya dawo.
Ta ce, "Kun ga, na koma budurwa!"
Muka yi shewa. Ni ma na yi.
Sai ruwa mai wari,
turaren wuta ya kasa, humra ta kasa,
ta daina zama kusa da mutane a gidan suna.
Sai ƙugu. Sai baya. Sai ƙafa ta kumbura.
Mun sha sassaƙe, mun sha saiwa daga Tibiri,
mun sai da tinkiya biyu muka hau motar Yamai.
Likitan can bai ɗaga murya ba.
Ya ce sankara ce, ta ƙetare gida ta shiga maƙwabta.
Da kun zo da wuri, ya ce,
sai ya yi shiru, don ya ga fuskata.

Madam Salamu ta jiƙa auduga da ruwan tsami,
irin wanda muke zubawa a salak,
ta shafa, ta kalli agogo.
Minti ɗaya. Ban taɓa jin tsawon minti ba sai ran nan.
Ta ce akwai farin tabo,
bai fi hancin wake ba.
Ba sankara ba ce tukuna. Hanyarta ce.
Yau za mu tare ta.

Wani ɗan ƙarfe mai ɗumi, ɗan murɗa kamar na haila,
shi ke nan.
Abin da ya ci mana tinkiya biyu da Hurera,
ni ya ci mini hantsi ɗaya.
Ban san ko godiya zan yi ko kuka ba,
na yi duka biyun a bayan kabu-kabu.

Da dare na gaya wa Ɗan Jimo: wata guda, kowa da tabarmarsa.
Ya buɗe baki, ya tuna makara, ya rufe.
Sahiya tana barci, shekararta sha ɗaya,
hannu ɗaya a kan littafin lakwal.
Gobe zan tambayo mata allurar riga-kafi.

Yanzu in mace ta tsaya gabana ta ce, tiya nawa,
nakan auna, in ƙara gyara,
in rage murya in ce:
ke, an taɓa duba ki?
Wasu su yi tsaki. Wata ta dawo ran Juma'a
ta ce, a ina ne ma kika ce?