Rediyo Biyu a Potosí

Babana ya bar rabin huhunsa a cikin dutsen azurfa,
rabin da ya fito da shi ya ajiye wa ƙwallo.
Shekara biyu ke nan yana lissafi
a bayan takardar maganin tarinsa:
nasara maki uku, kunnen doki maki ɗaya,
shan kaye kuwa sai ya ja layi.
Ba ya rubuta sifiri,
wai buɗaɗɗen baki ne, yana kiran 'yan'uwansa.

Ƙasashe goma, in ji shi, kowa sai ya taka gidan kowa.
In suka hauro mana nan sama, iska ta yi musu rowa,
ka ga ƙato ya dafa gwiwa yana haki.
In muka gangara musu bakin teku,
mu ne man shanu a rana.
Na saman teburi su wuce abinsu,
na ƙasa su wanke riguna su rataye sai bayan shekara huɗu.
Mu muna reto a tsakiya,
muna leƙen 'yar ƙaramar ƙofa,
wasan cike gurbi.

Daren ƙarshe sanyi ya sauko da wuri.
Na dama kunun jar masara, ba wanda ya kalli kofinsa.
Nemesia ta gidan gaba ta shigo rungume da rediyonta
kamar mai kai jinjiri asibiti,
domin cinmu kaɗai ba zai kai mu ba.
Sai an kayar da masu bin bayanmu
a wani birni mai nisa,
kuma wa zai kayar mana da su?
Ƙasar nan da Baba ba ya kiran sunanta
tun yana ɗan aji uku.

Rediyo ɗaya a dama, ɗaya a hagu,
tsoho a tsakiya da fensir a bayan kunne.
Minti na sittin da ɗaya namu suka zura.
Ƙanena Wilfredo ya ture kujera,
kare ya tsere ƙarƙashin gado.
Baba bai ko motsa ba.
Ya ce, ba a yabon ɗan kuturu tukuna,
ya kara kunne a rediyon hagu.

Nan na ji abin da ban taɓa ji ba.
Don Hilarión, mai tsallake taswirarsu da yatsa,
yana raɗa wa ɗan gabansu:
ruga, ɗana, ruga, kar ka waiwaya!
Ya haɗa ido da ni, ya yi tari,
ya ce, aro na yi, gobe zan mayar.

An tashi namu wasan, ɗaya da nema.
Can kuwa babu ci,
an ƙara minti biyar.
Mai sharhi ya ɗaga murya, ga bugun kusurwa, ga shi ya taso,
sai rediyon Nemesia ya yi ƙurrr,
ya mutu.
Ta bubbuga, ta ciji batir, ta roƙi waliyyanta.
Wilfredo ya murɗa namu neman tashar,
sai kiɗa, sai tallan sabulu.
Ya fice titi da silifa ɗaya.

Baba ya ce a buɗe taga.
Mahaƙa ba sa murna da baki,
in an samu shiga, dutse zai faɗa.
Sanyi ya shigo ya zauna tare da mu.
Fensir na rawa bisa gurbin da ya rage a takarda.

Daga can sama, dam!

Nemesia ta kama hannuna.
Baba ya ɗaga yatsa: tsaya.
Ɗaya tana iya zama 'yan aikin dare ne.
Mu ƙirga zuwa uku.