Sawun Guduma

A Bompai muka same ta,
bayan gidan wani injiniyan titi, mutumin Italiya,
da ya koma ƙasarsu tun ba a haifi babana ba.
Wanda ya sayi gidan fili yake so,
ya ce mu zo mu kwashe tarkace.
Na ja tamfol, ɓeraye suka watse,
sai ga ta zaune kan tubala huɗu.
Ja ce, amma jan ya koɗe,
ya koma launin goron da aka tauna aka tofar.

Ƙofa biyu. Kujera biyu.
Ko buhun gero ba inda za ka sa.
Na ce: Baba Gwadabe, wannan kuma motar me?
Ya ce: Ilu, rufe baki ka buɗe ido.

Sau uku ya zagaya ta bai taɓa ba.
Ba kusurwa ko ɗaya a jikinta.
Hancin ya sunkuya kamar mai shinshinar kwalta,
gadon bayan ya gangaro, ya tsuke,
kamar ɗigon da ya sako daga indararo
aka riƙe shi kafin ya kai ƙasa.
Tayoyin baya ma an yi musu lulluɓi.
Ya ce: iska ce ta gwada, tela ya ɗinka.
Sauran motoci dambe suke da ita, ƙirji da ƙirji,
wannan sallama take yi, a ba ta hanya.

A Ƙofar Ruwa 'yan gwangwan suka yi mana caa.
Barau ya manna mayen ƙarfe, ya sulale ya faɗi.
Ya ce: alminiyan! Tukwane talatin ke nan,
a ɗora ta a sikeli in biya lakadan.
Baba ya ci gaba da shan kokonsa.

Bayan isha ya miƙo min tocila,
muka shimfiɗa kwali, muka kwanta a ƙarƙashinta.
Ya kama hannuna ya cusa cikin kumatun taya,
ya ce: shafa.
Na ji ƙananan ramuka, dubbai,
kamar sawun yayyafin farko a kan rairayi.
Ya ce: guduma ce, ba injin da ya matse wannan.
Wani ne, bayan yaƙin duniya,
wataƙila gidansu ma ba rufi,
ya kifa falle a kan kututture ya yi ta bugu.
Nan ya gaji, ji yadda bugun ya yi nisa da juna.
Nan ya ci abinci ya dawo.
Bahago ne, ga inda hannun ke karkata.
Shekara arba'in ina miƙe jikin motoci,
sai yau na gamu da malamina,
kuma ban san sunansa ba.

Inji babu, wani ya daɗe da zare shi.
Muka ari tayoyi, muka ba su iska.
Ran Lahadi da asuba, kafin 'yan adaidaita su fito,
Baba ya naɗe kansa ya shiga,
gwiwa a haɓa, hula a cinya.
Mu huɗu muka tura ta kan gangare, muka saki.

Ba ƙara, ba hayaƙi.
Ta zame kamar tarwaɗa daga hannun masunci,
ta wuce inda kowace mota kan tsaya,
ta wuce masallacin, ta wuce mai faci,
sai gaban teburin mai shayi ta numfasa.

Muka iso muna haki.
Bai fito ba, yana riƙe da sitiyari.
Ya ce: ka san ban ji iska ba?
Ko kaɗan ban ji ta ba.

Barau na zuwa duk Talata ya ƙara taya.
Ni kuma na samo kututturen maɗaci
da murfin tsohuwar tukunya.
Wata na uku ke nan ina bugu,
har yanzu kwano nake samu.