Lokacin da Ya Wuce Kafin Wanda Ya Wuce

Ƙarfe huɗu nake kulle shagon cajin waya,
in juye canji a gwangwanin madara,
in tsaya bakin titin Kurna, littafi a hammata,
ina jiran Adaidaitan da zai yarda da abin hannuna.
Kafin mu fita daga cunkoson Ƙofar Ruwa
na haddace kalma biyar, na zubar da uku a hanya.

Ajinmu a bene yake. Fanka ɗaya ce,
ita ma sai Ilu ya zungure ta da tsintsiya.
Mu ashirin da bakwai ne ranar da kowa ya zo:
akwai mai awo a Dawanau, akwai ungozoma,
akwai Baba Tsalha da ya ajiye aikin gidan waya
ya ce bai gama da wasiƙa ba tukuna.

Malama Lantana tana karanta mana waƙoƙin wata ƙasa
inda rana ke zuwa kamar baƙuwa, a yi ta murna.
Muna gumi muna jinjina kai.
Ilu ya ce, a aika musu da tamu ta wata uku, su huta da waƙa.

Ba ƙa'idar rubutu ce ta kayar da ni ba.
Lokaci ne.
Mutanen nan sun yanka jiya gunduwa-gunduwa kamar naman layya:
ga abin da ya wuce,
ga wanda ya wuce kafin wancan ya wuce,
ga kuma wanda ake cikin yi, ana cikin yi,
sai wani abu ya faɗo ya katse shi.
Sau uku jan biro ya yi wa takardata kaciya.
Na ce, Malama, mu a gidanmu jiya ɗaya ce.
Ta ce, ki je ki duba da kyau.

Aikin gida: shafi guda a kan wani mai sana'a.

Na zauna bayan isha'i da fitilar waya.
Baba ne ya zo, ban kira shi ba,
da teburinsa mai gilashi a bakin Bata,
da tabarau mai ido ɗaya maƙale a fuska,
yana tsintar sukurori ƙanana kamar ƙwayar gero.
Yakan ce agogo ba ya ƙarya, gajiya yake yi.
Shekara talatin yana tashin gajiyayyu,
yana cikin yi, yana cikin yi,
sai waya ta shigo gari da lokaci a goshinta.
Agogo goma sha ɗaya ya bari a aljihun tebur,
duk ya gyara, masu su ba su dawo ba.

Nan biro ya tsaya mini.
Ashe wurin nan ne suka tanadar wa kalma,
wannan lungun tsakanin jiya da shekaranjiya
inda mutum ke sunkuye kan aikinsa
bai san an riga an tashi kasuwar ba.
Na rubuta shi da harshen da bai taɓa ji ba
sai a bayan murfin agogo.

Ranar Laraba takarda ta dawo.
Ja biyu kacal: waƙafi, da harafin da na ninka.
A ƙasa ta rubuta, saura agogunan fa?

Suna nan, Malama, cikin gwangwanin alewa.
Ɗazu na ɗauko ɗaya na murɗa.
Ya yi shiru, ya yi tari, ya kama tafiya
daga ƙarfe biyu da kwata na wata rana can.
Ban saita shi ba.
Na ajiye shi a shago, tsakanin wayoyi arba'in masu shan wuta,
kowacce na rantsuwa ƙarfe tara ne,
shi kuwa yana ta lissafinsa.